Cigiyar Lambar Sirri

Wani ne a nan cikin Zangon Kumasi. Kar ku tambaye ni sunansa, 'yan uwansa suna shan ataya a nan inda muke zaune, ni kuma ba ni da ƙarfin dambe. Ikrama, daina waige-waige, ba ka san shi ba. Zuba mini na biyu ka ji labari.

Mutumin nan ba mugu ba ne, Allah ya sani. Matsalarsa guda ce: in ka ba shi amanar abu, sai ya yi ta tsare shi har ya kashe shi. An taɓa ba shi ajiyar kaza, ya ji tsoron ɓarayi, ya kulle ta a firij.

To yana da yaya, Farouk, shekara goma sha biyu yana Jamus, takardunsa ba su fito ba balle ya zo gida. Sai Farouk ya aiko cewa aure yake so. Salwa yake so, wadda suka tashi gida ɗaya, irin babban gidan nan mai ɗaki ashirin da biyu da famfo ɗaya. Kowa ya yi murna ban da kawunta, Baba Moro, mai gidan, dillalin shanu, kuma shi ne waliyyinta.

Baba Moro ya ce, "Ni shekara arba'in ina harkar shanu, ban taɓa sayen sa a hoto ba. Sai na ga tsayuwarsa, na ga tafiyarsa. Yaron nan rabona da shi tun yana yawo da gajeren wando, kuma an ce mini Turai cinye tarbiyya take yi. Ranar Asabar da hantsi, a gaban liman, a nuna mini shi yana motsi. In ya gaishe ni kamar ɗan mutane, a ɗaura. In ya ɗaga mini hannu ya ce halo, shinkafar da aka dafa ta zama sadaka, kowa ya kama gabansa."

Gidan nan kuwa sabis ba ya shiga ko kaɗan. In za ka amsa waya sai ka hau kan tankin ruwa ka karkata kai gabas. Wa zai ɗora Baba Moro a kan tanki? Sai Farouk ya yi magana da Sherif, wani mai gyaran kwamfuta a Adum, ya ce ya jawo intanet har cikin gida. Sannan ya kira ƙanensa.

"Ƙanena, ban taɓa roƙonka komai ba."

"Haka ne, Yaya."

"Wannan kaɗai nake roƙo. Ka kula da na'urar da Sherif zai kawo zuwa Asabar. Aurena yana hannunka."

Mutuminku ya fashe da kuka a kan tanki. Ya ce, "Yaya, ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba."

Farouk ya ce, "Abin da nake tsoro kenan."

Ranar Laraba Sherif ya zo da tsani da igiyar waya, ya jawo daga bakin titi har baranda. Ya fito da wani ɗan farin akwati mai ƙaho biyu, ya jona, fitilu suka kama ƙifta ido. Shi Sherif kowa Masa yake ce masa, wato maigida.

"Masa, wannan ita ce rawuta. Ita ke watsa waifai cikin gida. Ka ga fitilar nan koriya? In tana ci, lafiya lau. Ka bar ta a fili, kar ka taɓa komai."

Ya haɗa laftof, ya haɗa da babbar lasifikar da aka yi haya don biki, aka kira Jamus. Sai ga Farouk ya fito tar, har ana ganin tabon da ya ji a goshi tun yana yaro. Mma, mahaifiyarsu, ta leƙo ta ga ɗanta, ta zauna a ƙasa tana ta sa albarka. Sherif ya rubuta lambar sirri a 'yar takarda, ya ba mutumin, ya tafi.

Yana fita, mutuminku ya tsaya yana kallon rawuta. Fara, sabuwa, tana ƙyalli, a baranda, a gidan da ko silifas ka ajiye a ƙofar bayi sai ka dawo da ƙafa ɗaya. Ya ce ina! Ya jawo tsohon akwatin ƙarfen Mma wanda ta zo da shi daga Bawku. Ya huda shi da ƙusa don waya ta shiga, ya naɗe rawuta da zani, ya jefa mata kafur saboda kyankyasai, ya rufe, ya sa kwaɗo biyu. Sannan ya zauna a kai.

Washegari ya ce bari ya gwada. Shiru. Ya hau tanki ya kira Sherif.

"Sherif, kayanka ya mutu."

"Ya mutu kamar yaya? Fitila tana ci?"

"Ban sani ba."

"To duba mana."

"Bari in nemo makulli."

"Makullin me?"

"Na akwati."

"Wane akwati, Masa?"

"Na ƙarfe. Kar ka damu, na sa mata kafur."

Sherif ya ce, "Kar ka motsa daga nan." Ya rufe shago, ya hau trotro, motar hayar nan, ya iso yana gumi. Ya zaro rawuta daga cikin zani, ta yi zafi kamar an sauke ta daga murhu. Ya hau tsani ya kafe ta a bango, can sama kusa da rufi.

"Waifai ba ya huda ƙarfe! Fili take so, iska take so!"

"Ɓarayi fa?"

"Ɓarawon wannan ba hannu yake sawa ba. Lambar sirri yake nema. In ya samu lambar, daga bayan katanga zai zuƙe maka ita tas kana zaune. Mutum biyar suka hau, ta yi nauyi. Mutum ashirin suka hau, yayanka ko atishawa ya yi ba za ta iso Kumasi ba. Ka bar na'ura ta huta. Takardar nan za ka tsare."

Ai kuwa da Sherif ya san wanda yake gaya wa wannan magana, da ya haɗiye ta. Duk tsoron mutumin ya tashi daga kan rawuta ya koma kan takarda. Ya karanta ta har ya haddace. Ya sa ta a hula, ya ce iska za ta ɗauke. Ya sa a takalmi, ya tuna ana cire takalmi a masallaci. Ya sa a gwangwanin sukari, ya tuna Mma. Ya sa a ƙarƙashin katifa, ya fitar, ya sa a aljihu, ya fitar. Kafin a sauko daga sallar Juma'a, ya canza mata maɓoya sau goma sha ɗaya, kuma na sha ɗayan shi kansa bai san inda yake ba.

Ya birkice ɗaki. Ya zazzage sukari a tabarma. Babu.

Ku lura fa, ba lambar ce ta ɓace masa ba, tana nan a kansa daram. Laftof ma a haɗe take. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne wani ya tsinci takardar ya karanta. To a Zango in abu ya ɓace, ina ake zuwa? Akuya ta ɓace, yaro ya ɓace, makullin shago ya ɓace, wajen ladan ake zuwa a yi cigiya a lasifika. Mutuminku ya ɗauki goro biyu ya nufi wajen Malam Misbahu ladan, ana idar da La'asar.

"Malam, cigiya nake so a yi mini. Takarda ta ɓace."

"Subhanallahi. Ta fili ce ko ta asibiti?"

"Ta fi su duka. Ta waifai ɗin gidanmu ce. Duk wanda ya karanta ta, ya kashe auren yayana."

Malam Misbahu ya gyara tabarau. Mutum ne mai tsari a aikinsa, shekara talatin yana cigiya. Ya ce, "To ai cigiya sai da kamanni. Akuya mukan ce baƙa ce mai farin goshi. Takardu sun yi yawa a Zango, ta ƙosai ma takarda ce. Me aka rubuta a jikinta, don wanda ya tsinta ya gane ita ce?"

Mutumin ya duba hagu, ya duba dama, ya matso ya raɗa masa a kunne.

Malam ya hura makirufo sau biyu. Kun san lasifikar nan, in ya yi tari ana ji har Manhyia.

"Salamu alaikum jama'ar Musulmi. Sanarwa, sanarwa. Ana cigiyar wata 'yar takarda ta waifai ɗin gidan Baba Moro. An rubuta a jikinta Salwa, tara, tara, biyu, biyar. Na sake: Salwa, tara, tara, biyu, biyar. Duk wanda ya tsinta, don girman Allah kar ya karanta, sirri ne. Ya kawo ta masallaci."

Wani tela ya leƙo daga shagonsa ya ɗaga murya, "Malam, janareta ya hana mu ji! Lambobin ƙarshen fa?"

Mutuminku da kansa ya karɓi makirufo ya ce, "Biyu, biyar! A taimaka, jama'a!"

Kai, Ikrama, ajiye kofin nan kafin ka ƙona kanka.

Kafin ya iso gida, bayan katangarsu ya cika. Telan nan yana nan, da yaran shagonsa duka. Masu gyaran babur, masu sayar da katin waya, mai wanzanci da wanda yake yi wa aski, rabin kai a aske. Kowa ya jingina da bango, kowa ya sunkuyar da kai, ba mai magana da wani. Mutumin ya tsaya yana kallonsu, idonsa ya kawo ruwa.

"Mma, zo ki ga zumunci! Duk Zango ta fito tana taya ni neman takarda. Dubi yadda suka duƙufa!"

Ya shiga gida ya fito musu da benci uku da ruwan leda. Ya ce kowa ya saki jiki, in sun gaji su huta, gobe ma rana ce. Suka ce ai ko bai faɗa ba, goben da sassafe suna nan.

Suka kuwa cika alkawari. Ranar Asabar tun kafin mai koko ta gama kwashewa, layi ya kai bakin kwata. Har daga Tafo wasu suka zo, an ce musu akwai gidan da ake rabon waifai fisabilillahi. Wani ya kawo kujerarsa daga gida. Wata mata ta kafa teburin soya ƙosai a gefe, ta ce ita inda jama'a suke nan take.

A tsakar gida kuma an shimfiɗa tabarmi. Liman ya zo, dattawa sun zauna, ga goro ga dabino a faranti. Aka ɗora laftof a kan turmi da aka kifa, daidai gaban Baba Moro. Shi kuwa ya sha babbar riga, ya harɗe, fuskar nan a murtuke kamar an kawo masa saniya mai tari.

Mutuminku ya danna kira. Abu ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa. Gumi ya keto masa. Ya haye tankin ruwa ya kira Sherif, wanda go-sulo ya riƙe a hanya.

"Sherif, tana juyawa kawai."

"Fitila koriya ce?"

"Koriya shar."

"Ba ka mayar da ita akwati ba?"

"Wallahi tana bango."

"To mutum nawa ka ba lambar?"

"Ni? Ko mutum ɗaya ban ba ba. Na ma sa an yi sanarwa kar kowa ya karanta."

"An yi me?"

Kafin ya ba da amsa sai ya ji tsakar gida ta ɗauki "Ga shi! Ga shi!" Ya katse wayar ya ruga.

Farouk ne ya fito a allo. Ya sha farar shadda da hula, ya shimfiɗa darduma a ɗakinsa na Jamus. An riga an gaya masa abin da ake jira. Yana ganin Baba Moro sai ya zube a gwiwa, ya sunkuyar da kai ƙasa, ya ce, "Baba, ina kwa..."

Shi ke nan. Hoto ya daskare a nan. Ga Farouk a durƙushe, kai a ƙasa, hannu a ƙirji, ko gezau.

Mutuminku ya san wannan ba ladabi ba ne, intanet ce ta shaƙe. Ya miƙa hannu zai taɓa laftof, Baba Moro ya buge hannun da carbi.

"Bar shi ya gama gaisuwarsa."

Aka jira. Baba Moro ya ce, "Lafiya lau, ɗana. Ɗago."

Farouk bai ɗago ba.

"Na ce ɗago, na amsa."

Shiru.

Baba Moro ya juya ya dubi liman. Liman ya dubi dattawa. Minti uku, minti biyar. Wani tsoho ya ce, "Ikon Allah." Baba Moro ya gyara zama, ya ce bari ya gwada shi irin gwajin da yake wa yaran kara, wato kasuwar shanu.

"Farouk, an ce mini a Jamus har da naman alade kuke ci."

Ko motsi.

"An ce kana da wata Baturiya a ɓoye."

Ko hular ba ta girgiza ba. Mutuminku yana gefe yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

Sai aka ga Baba Moro ya ciro hankici ya share ido.

"Jama'a, ku shaida. Na zage shi, na yi masa ƙazafi a gaban mutane, yaron nan bai ɗago ya dube ni ba. Minti goma yana durƙushe! Yaran da ke cikin gidan nan, da nake ciyarwa, wa ya taɓa yi mini minti ɗaya? Suna gaishe ni suna danna waya. Ashe tarbiyyar da muka rasa a Zango, Jamus ta tafi. Liman, ɗaura. Na ba shi Salwa, na ba shi duniya da lahira."

Ƙanin babansu Farouk, wanda shi ne wakilin ango, ya yi maza ya karɓa tun kafin wani ya yi tari. Aka faɗi sadaki, aka shaida, aka shafa fatiha. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin ɗaki. Dattawa suna ta miƙa wa mutuminku hannu, ana cewa kai ne ka haɗa wannan abin alheri. Shi kuma yana karɓa, har yana cewa ai aikin ba wuya in mutum ya san kan na'ura.

Sai aka sauke tukwane. Shinkafa da wake, da tuwon zafi, da naman sa guda da Baba Moro ya kayar. Ƙamshi ya tsallaka katanga. Jama'ar da ke bayan gida suka ɗago kai a karo na farko tun sassafe. Kowa ya kashe abin da yake kallo, ya jefa waya a aljihu, aka yo cikin gida da gudu ana a yi mana barka. Ba wanda ya taɓa cin tuwo da waya a hannu.

Rawuta ta samu sarari. Ta yi numfashi.

Shi kuwa Farouk, a can Jamus, nasa allon ya daɗe da yin baƙi. A saninsa kira ya yanke tun a "ina kwa", aure ya lalace, shekara biyu na lallashi sun tafi a banza. Ya jefar da hula, ya cire shadda, daga shi sai singileti. Yana zagaya ɗaki yana zage-zage shi kaɗai. A daidai nan hoto ya dawo tar, murya ta fito ta babbar lasifikar biki, har tukwane suna amsawa.

"...wawa! Jaki! Abu ɗaya na roƙe shi a duniya, ɗaya! Duk laifin wannan rigimammen tsohon ne mai gemun bunsuru! Sai ya gan ni, sai ya gan ni, ni saniya ce? Mutumin da warin kara ba ya barin rigarsa ko ranar Idi, shi ne zai auna mini tarbiyya? Har gwiwata na sa a ƙasa saboda shi! Wallahi ba don Salwa ba, ko a trotro na gan shi ba zan matsa masa ba!"

Liman ya tsaya da loma a hannu. Mai guɗa ta haɗiye sauran guɗarta. Farouk ya juyo zai ɗauki ruwa, idonsa ya faɗa kan allo, ya ga Zango gaba ɗaya tana kallonsa, da Baba Moro a sahun gaba.

Ya ce, "Baba... ina kwana?"

Baba Moro ya shafa gemunsa a hankali, ya sunsuna hannun rigarsa. Ya dubi liman.

"Malam, an shafa fatihar nan?"

"An shafa, Alhaji. Da bakinka ka bayar."

Baba Moro ya gyaɗa kai. Ya waiga ya hango mutuminku yana sulalewa ta bayan tankin ruwa. Ya yafito shi da yatsa. Mutumin ya zo ya tsuguna.

Baba Moro ya nuna rawuta a bango da carbinsa, ya ce, "Ɗan nan, ko me ka yi wa abin can ɗazu, tashi ka sake yi mata. Wancan na ba 'yata, ba wannan ba."